Wanzamin da ya rubuta abin da idonsa ya gani: tarihin Ambroise Paré

Kowace farkon shekarar karatu nakan raba wa ɗalibaina ƴar takarda, kowa ya rubuta sunansa da unguwarsu da sana'ar mahaifinsa. Bana wani yaro ya rubuta "ɗan kasuwa". Na san mahaifin nasa sarai, don shi ya yi wa ɗana na biyu askin suna, shi ne kuma ya yi masa kaciya. Wanzami ne ɗan wanzami. Da aka tashi sai na tsai da yaron na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Mushe, in na rubuta wanzami dariya za su yi mini." Ban yi masa faɗa ba, domin ba shi ya ƙirƙiro wannan kunya ba. A bakinmu ya tsince ta, mu malamai da iyaye, da muke razana yaro da cewa in bai yi karatu ba zai ƙare da rataya zabira.

Washegari na ba ajin labarin wani wanzami da na fara cin karo da sunansa tun ina makarantar horon malamai. Shi ne nake son in faɗaɗa a nan, don ƴan uwana malamai da iyayen yara.

Sunansa Ambroise Paré. An haife shi wajen shekarar 1510 a wani ƙauye kusa da garin Laval, a yammacin Faransa. A wancan zamani masu aikin lafiya a birnin Paris hawa uku ne. A sama akwai likitocin jami'a, waɗanda suka yi karatu da Latin, suna duba fitsarin maras lafiya su rubuta magani, amma ba sa taɓa wuƙa, don suna ganin aikin hannu ƙasƙanci ne. A tsakiya akwai ƴan ƙungiyar Saint-Côme, masu fiɗa masu doguwar riga, su ma da ɗan Latin ɗinsu. A ƙasa kuma sai wanzamai masu gajeriyar riga. Su ne ke aski da gyaran gemu, su tsaga jijiya su fid da jini, su yi ƙaho, su cire haƙori, su huda maruru, su ɗaure rauni. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wanzamin garinsu zai ga aikin kusan ɗaya ne da na namu. A wannan hawa na ƙasa Paré ya fara, yaron shago, mai wasa aska da share gashi. Bai san Latin ba, bai san Girkanci ba, har ya mutu bai iya su ba.

Da ya zo Paris ya samu shiga Hôtel-Dieu, babban gidan likitan talakawa da ke kusa da cocin Notre-Dame, ya yi kamar shekara uku yana taimakon masu fiɗa. Wuri ne da ake kwantar da mutum biyu ko uku a gado ɗaya, annoba kuma ba ta rabuwa da shi. Can ya ga cututtuka iri-iri, can kuma ya samu damar buɗe gawarwaki ya ga yadda Allah ya tsara jikin ɗan Adam. Da ya fito ba shi da kuɗin jarrabawar zama cikakken wanzami mai shagon kansa, sai ya bi sojojin sarki François na ɗaya zuwa arewacin Italiya, a ƙarƙashin wani babban hafsa mai suna Montejan.

A wannan yaƙi, cikin 1537, abin da ya canza rayuwarsa ya faru. Bindiga sabon abu ce a lokacin, kuma malaman fiɗa sun yi imani cewa albarushi guba ne. Littafin da kowa ke bi, na wani ɗan Italiya mai suna Giovanni da Vigo, ya ce duk raunin harsashi a zuba masa tafasasshen mai don a kashe gubar. Paré ya ga manya suna yi, shi ma ya yi. Wata rana da masu rauni suka yi yawa, man ya ƙare masa. Don kada ya bar sauran haka nan, ya kwaɓa gwaiduwar ƙwai da man wardi da wani ƙaron itace da ake kira terebantin, ya shafa musu. Ya ba da labari da kansa cewa daren nan bai iya barci ba, yana tsoron zai tarar da su sun mutu da guba. Tun da asuba ya je dubawa. Waɗanda ya shafa wa haɗin ƙwai sun yi barcinsu, rauninsu bai kumbura ba. Waɗanda aka ƙona da mai kuwa suna ta zazzaɓi, raunin ya kumbura, azaba ta hana su runtsawa. Daga ranar ya ƙudura ba zai sake ƙona mai raunin bindiga ba.

A lura da abu ɗaya a nan. Ƙarewar mai tsautsayi ne, kuma mai yiwuwa ya taɓa ƙare wa wasu wanzaman kafin shi. Abin da Paré ya yi daban shi ne ya tashi da sassafe ya gwada kashi biyu na majinyata, ya yarda da abin da ya gani ko da ya saɓa wa littafi.

Haka ya yi da maganin ƙuna. Wani yaron ɗakin girki ya faɗa cikin tukunyar mai, Paré ya je sayen magani, sai wata tsohuwa ƴar ƙauye ta ce masa ya daka ɗanyar albasa da gishiri ya ɗora. Bai raina ta ba, ya gwada. Daga baya da wani soja ya ƙone da albarushi, ya sa albasa a rabin fuskarsa, ya sa maganin da aka saba a ɗaya rabin, don ya ga bambanci. Ba ina cewa iyaye su riƙa sa albasa a ƙuna ba ne. Yau abin da ya dace shi ne a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin na ɗan lokaci, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi gidan likita. Darasin da ke ciki shi ne ya saurari tsohuwa kamar yadda ya saurari littafi, sannan ya auna maganarta kamar yadda ya auna ta littafi.

Ya koma Paris, ya ci jarrabawa ya zama cikakken wanzami mai fiɗa wajen 1541. A 1545 ya buga littafinsa na farko, kan yadda ake jinyar raunin bindiga. Da Faransanci ya rubuta shi, harshen kasuwa da barikin soja. Kada mu manta a lokacin Faransanci bai da martabar da muka tarar da shi da ita a lakwal. Shekara shida kacal kafin nan, a 1539, sarki François ya sa hannu a dokar Villers-Cotterêts, wadda ta ce a riƙa rubuta takardun shari'a da na mulki da Faransanci maimakon Latin. Ilimin likitanci kuwa yana nan kulle cikin Latin. Wanzaman da ke bin sojoji, waɗanda su ne ke riƙe da masu rauni a hannunsu, ba sa iya karanta shi. Littafin Paré su ya nufa, kuma sun karanta.

Abu na biyu da ya shahara da shi ya shafi yanke ƙafa ko hannu. A dā in an yanke, da jan ƙarfe ake yin lalas a tsai da jini, ba kuwa maganin sa barci a zamanin. A 1552, wajen kewaye garin Damvillers, Paré ya yanke ƙafar wani hafsa, ya kamo jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure su da zare. Yana amfani da wani ɗan matsefi mai kama da bakin hankaka wajen jawo jijiyar. Gaskiya ba shi ya fara ɗaurin jijiya a duniya ba. Magabata sun ambace shi, cikinsu har da Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, kuma Turawa sun daɗe suna karatun fiɗa daga fassarar littafinsa. Abin da Paré ya yi shi ne ya kai dabarar fagen yaƙi, ya yi ta aiki da ita wajen yanke gaɓa, ya rubuta yadda ake yi dalla-dalla. Bai tsaya nan ba, ya haɗa kai da wani maƙerin kwado na Paris suka ƙera hannu da ƙafa na ƙarfe masu lanƙwasuwa, ya sa zanensu cikin littattafansa don wasu maƙera su kwaikwaya.

A wannan shekara ta 1552 sarki Henri na biyu ya ɗauke shi cikin masu yi masa fiɗa. Aka saci hanya aka shigar da shi birnin Metz, wanda sojojin sarki Charles Quint suka kewaye, don ya yi jinyar waɗanda ke ciki. A 1553 abokan gaba suka kama shi a Hesdin, ya samu kansa bayan ya warkar da gyambon ƙafar wani babban hafsansu. A 1554 ƴan doguwar riga suka karɓe shi cikin ƙungiyarsu, duk da rashin Latin ɗinsa, don ba su iya barin mai fiɗar sarki a waje. Yana cikin waɗanda suka tsaya kan Henri na biyu a 1559, lokacin da tsinin mashi ya shige masa ido a wasan dawaki, raunin da ya yi ajalinsa. Sarakuna huɗu ya yi wa aiki: Henri na biyu, François na biyu, Charles na tara da Henri na uku. A zamanin Charles ne, a 1562, ya zama shugaban masu fiɗar fada. Duk da wannan ɗaukaka, in ya gama ba da labarin wanda ya warke a hannunsa, yakan rufe da cewa ɗauri ne nasa, waraka kuwa ta Allah ce. Wanzaman garinmu ma ai haka suke faɗi.

Akwai wani fannin aikinsa da ba a cika ambata ba, wato adana gawa da jikin dabbobi. Mai fiɗar fada shi ke gyara gawar manya don kada ta lalace kafin jana'iza, kuma Paré ya rubuta babi guda kan haka. Ana fid da kayan ciki, a tsattsaga wuraren nama mai kauri, a wanke da binegar da barasa, a cika da garin itatuwa masu ɗaci da ƙamshi. Wanda ake son ya daɗe kuwa, sai a jiƙa shi cikin binegar mai ƙarfi na makonni. Ya ce akwai gawar wani da aka yanke wa hukuncin kisa da ya gyara haka, ya ajiye a gidansa fiye da shekara ashirin, yana duba ta kafin ya yi wa mai rai aiki. Mu dai a addininmu da al'adarmu gaggauta binne mamaci muka sani, kuma wannan ajiya ba abin da za mu so ba ce. Na kawo ta ne don a ga iyakar inda neman sani ya kai shi.

Saboda an san shi da wannan aiki, dabbobin ban mamaki da ke mutuwa a fada shi ake kai wa. Sarki Charles yana da jiminu da ake kiwo a Paris. Da ɗaya ta mutu aka ba Paré, ya fere naman, ya haɗa ƙasusuwan ya tsai da ƙwarangwal, ya sa aka zana shi a littafinsa na halittun ban al'ajabi, wanda ya fara fitowa a 1573. An kuma kawo wa sarki wani tsuntsu na ƙasar Barazil da ake kira tukan, mai ƙaton baki kamar na cilakowa har ya fi. Ya mutu a hanya, sarki ya ce a ba Paré ya gyara shi don a ajiye. Paré ya rubuta ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa bai jima ba ya ruɓe. Ina ganin wannan ɗan layi ya fi labarin nasarorinsa da yawa daraja, domin marubucin da ke faɗin inda ya kasa, shi ake iya yarda da shi inda ya ce ya iya.

Dalilin kasawarsa kuwa shi ne a lokacin ba a gano hanyar ba tukuna. Aikin da yau ake kira taksidarmi, wato a feɗe dabba, a gyara fatar, a ɗora ta kan wani jiki na ciyawa ko katako ta tsaya kamar mai rai, sirrinsa na ga raba fata da nama tun da wuri, da kuma kare fatar daga ƙwari. Majemanmu na Maraɗi da Damagaram, masu jeme fatar jar akuya da bagaruwa, sun san rabin farko na wannan ilimi. Wani ɗan zamanin Paré, Pierre Belon, ya yi bayanin yadda ake adana tsuntsu cikin littafinsa na 1555, amma asu da gara suna cinye fatun cikin ƴan shekaru. Sai a ƙarni na 18 wani mai haɗa magunguna na Metz, Jean-Baptiste Bécoeur, ya haɗa sabulu mai gubar arsenik da ke hana ƙwari. Bai bayyana sirrin haɗin ba har ya mutu a 1777. Louis Dufresne na gidan tarihin halittu na Paris ne ya baza shi a rubuce a farkon ƙarni na 19. Ga mutum biyu masu sana'ar hannu, ɗaya ya rubuta abin da ya sani tun yana da shekara talatin da ƴan kai, ɗaya ya riƙe nasa, duniya ta yi ta jira.

Paré ya kuma yi yaƙi da magungunan tsada na banza. Manyan Turai suna sayen wani dutse da ake samu a cikin tumbin wasu awaki, wai yana karya kowace irin guba. Aka kawo wa sarki Charles irinsa, Paré ya ce ba zai yiwu magani ɗaya ya karya dukkan guba ba. Sai aka ɗauko wani kuku da aka yanke wa hukuncin rataya saboda satar faranta biyu na azurfa, aka ce ya sha guba a ba shi dutsen, in ya rayu an yafe masa. Ya yarda. Ya yi awa bakwai cikin azaba ya mutu, sarki ya sa aka jefa dutsen a wuta. Na gaya wa ɗalibaina cewa sakamakon gaskiya ne, amma hanyar zalunci ce, kuma ba a yarda a yi wa ɗan Adam haka yau ba, ko da fursuna ne. A 1582 ya fid da wani littafi yana ƙaryata amfanin garin busasshiyar gawar Masar, da ƙahon wata dabba da ake cewa ƙaho ɗaya gare ta a goshi, wanda ake sayarwa da tsadar da ta fi ta zinariya. Yau mun san yawancin waɗannan ƙahoni haurin wata dabbar tekun arewa ne.

To amma shi ma ya yi kurakurai, kuma inda ya yi su abin lura ne. Cikin littafin nan na halittu ya sa dodannin teku da mutane masu kan dabba, waɗanda ya kwaso daga littattafan wasu. Yana da busasshen tsuntsun da Turawa ke kira tsuntsun aljanna a ɗakinsa, ya kuma maimaita abin da ake faɗi cewa ba shi da ƙafafu, a sama yake rayuwa. Gaskiyar magana ita ce maharban tsibiran gabashin Indunusiya da Sabuwar Gini ne ke cire ƙafafun in suna busar da fatar kafin su sayar. Inda Paré ya gwada da hannunsa, yawanci ya dace. Inda ya kwafa don ya ga an rubuta, nan ya fi zamewa.

A 1575 ya tara rubuce-rubucensa cikin babban kundi guda. Likitocin jami'ar Paris, ƙarƙashin shugabansu Étienne Gourmelen, suka tashi haiƙan. Suka ce wanzami ya shiga gonar da ba tasa ba, ya buga littafi ba da izininsu ba, ya kuma yi bayanin haihuwa da al'aura da harshen da mata da yara za su iya karantawa. Magana ta kai har babbar kotun Paris. Paré ya tuna musu cewa Hippocrate da suke taƙama da shi, da harshen uwarsa ya yi rubutu. Littafin ya ci gaba da fita, aka sake buga shi a 1579 da 1585. A bugun 1585 ya ƙara martani ga Gourmelen, wanda ya soki ɗaurin jijiya, ya lissafa masa yaƙe-yaƙen da ya halarta da mutanen da ya yi wa aiki, ya nuna masa cewa fiɗa da ido da hannu ake koyonta. An fassara kundin zuwa Latin a 1582, zuwa Ingilishi a 1634, kuma ta hanyar fassarar Holanci ya kai har Japan. Paré ya rasu a Paris ran 20 ga Disamba 1590, yana da shekara kamar tamanin. Sai a 1743 dokar sarki ta raba aikin fiɗa da wanzanci a Faransa. Ilimin ƙwayoyin cuta kuwa, wanda ya bayyana dalilin ruɓewar rauni, sai a zamanin Pasteur da Lister, bayan 1860.

Yanzu mu dawo gida. Ba na kawo wannan tarihi don in ce duk abin da ke cikin zabira daidai ne ba. Cire belun jariri yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, yana hana yaro kama nono, alhali belun nan halitta ce da kowane lafiyayyen mutum ke da ita. Aska ɗaya a kan mutum da yawa tana iya ɗaukar ciwon hanta da sida daga wani zuwa wani, kuma ƙarfe maras tsabta na kawo sarƙewar haƙora. Waɗannan su ne tafasasshen manmu, mun gada, muna yi don mun ga manya na yi. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, kuma gaskiya ne gyara ba daɗi ga mai sana'a. Amma wanzamin da ya ga illa ya bari, ya koma sabuwar reza ga kowane kai, ya tura abin da ya fi ƙarfinsa gidan likita, bai ci amanar gadonsa ba. Abin da Paré ya yi ke nan da asubar nan ta 1537.

Mu malamai kuma akwai namu laifin. Mun zama kamar likitocin jami'ar Paris, muna auna ilimin yaro da yawan Faransancinsa kaɗai, alhali shi kansa Faransancin an taɓa yi masa kallon da ake yi wa Hausa a wasu azuzuwanmu. Wanzamai da majema da maƙera da masu ɗori suna mutuwa da abin da suka sani, mai kyau da maras kyau, ba wanda ya rubuta balle a tace. Ƴaƴansu kuwa suna zaune gabanmu da alƙalami a hannu.

Saboda haka na ba ajina aikin gida: kowa ya zauna da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya rubuto da Hausa sunayen kayan sana'arsu, da yadda ake aiki da kowanne, da abu ɗaya da ake yi a dā wanda yanzu aka bari, da dalilin barinsa. Yaron nan ya kawo shafi huɗu. Ya zana aska iri uku da ƙaho da dutsen wasa aska, ya rubuta cewa babansa ya daina amfani da aska ɗaya ga mutum biyu tun kafin a haife shi. A kan belu kuwa ya rubuta cewa baban ya ce iyaye ne ke matsa masa. Da na gamu da uban a kasuwa ya ce mini: "Malam, yaron nan ya tsare ni da tambaya har dare. In kun gama da takardar ku maido mini, ƙanensa zai karanta." Na yi masa alkawari zan maido, na kuma roƙe shi mu zauna mu yi maganar belu, ni da shi da ma'aikacin lafiya na unguwa. Ya ce ranar da ba kasuwa. Ina roƙon ƴan uwana malamai su gwada wannan aiki a azuzuwansu, iyaye kuma in yaro ya zo da tambaya a ba shi amsa. Allah ya sa mu dace.